Daga Anguwan Rukuba zuwa Mile 12: abin da ke sa kaya su ƙare a shaguna da zarar an ji ƙishin-ƙishin ɗin dokar hana fita

Duk mazaunin Kurmi da yake da iyali ko 'yan'uwa a Jos ya san irin wannan kiran wayar. Kana tsakiyar harkarka a Agege ko Sabon Ibadan ko Fatakwal, sai waya ta shigo daga gida: "Yaya, an ce za a sa dokar hana fita, ka turo wani abu mu sayi abinci." Kafin ka nemi mai POS ka tura, kafin su cire kuɗin, sai su sake kira su ce burodi ya ƙare a unguwa, mai shago ya ce babu shinkafa, kalanzir kuma ya ninka kuɗi.

Tambayar da mutum zai yi ita ce, ina kayan suka tafi cikin awa uku? Jiya da yamma shaguna cike suke. Gonaki ba su ƙone ba, kamfanoni ba su rufe ba. Amsar tana da muhimmanci gare mu, domin abin da ke faruwa a shagunan Anguwan Rukuba shi ne yake faruwa a Idi-Araba da Shasha da Ama Hausa ta Owerri duk ranar da hankali ya tashi, kuma da yawa cikinmu mu ne masu shagon, mu ne kuma masu sayen.

Wace unguwa ce Anguwan Rukuba?

Anguwan Rukuba tana cikin ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a jihar Filato. Unguwa ce mai cunkoso, ta masu ƙaramin ƙarfi da 'yan kasuwa da ma'aikata, kuma ɗaliban Jami'ar Jos da dama suna kama haya a can. Mutanen nesa sukan haɗa ta da Hanyar Rukuba, alhali wurare biyu ne. Hanyar Rukuba ita ce wadda ta nufi barikin soja na Rukuba a ƙaramar hukumar Bassa.

Sunan unguwar ya shiga labarai a daren 24 ga Disamba 2010, jajibirin Kirsimeti, lokacin da bama-bamai suka tashi a can da kuma Kabong, mutane na tsakiyar sayayyar biki. Kafin nan garin ya riga ya ga rikicin Satumbar 2001 da na Nuwambar 2008 da na Janairun 2010. Waɗannan rikice-rikicen sun raba zaman Jos. Musulmi suka tattara a wasu unguwanni, Kirista a wasu. Anguwan Rukuba ta zama ta Kirista mafi yawa, kamar yadda Anguwan Rogo ta zama ta Musulmi. Babbar kasuwar Taminus, wadda a da take haɗa kowa da kowa a ƙarƙashin rufi ɗaya, ta ƙone a Fabrairun 2002.

Wannan tarihin yana da alaƙa kai tsaye da maganar shaguna. A ranar zaman lafiya, matar Anguwan Rukuba za ta shiga Keke ta je Farin Gada ta sayo kayan miya, ta biya Katako ta auno hatsi, ba ruwanta da addinin mai sayarwa. Ranar da aka ce gari ba lafiya, kowa sai ya tsaya a ɓangarensa. Mutanen da a da suke watsuwa a kasuwanni biyar, yau duk sun dawo kan 'yan tiredar bakin layi. Haka abin yake a unguwannin Musulmi, ba wani bambanci.

Shagon unguwa ba rumbu ba ne

Mai tireda ba ya ajiye kayan wata guda. Jarinsa ba zai kai ba, ɗakinsa ma ba zai ɗauka ba. Yana sarin abin da ya san zai sayar cikin 'yan kwanaki, ya juya kuɗin, ya koma wurin ɗan sari. Burodi kullum ake kawo masa. Fiya wata ma haka. Ƙwai da taliya da omo da magi, katan ɗaya ko biyu.

Bari mu yi lissafi na misali. A ce mai shago yana da buhu uku na shinkafa, yana kuma sayar da rabin buhu a rana ga gidaje ashirin masu sayen mudu ɗai-ɗai. Wato kayansa za su kai kwana shida, kafin nan ya sake sari. To yau an ji jita-jita, kowane gida ya ce a ba shi mudu shida maimakon ɗaya. Abin da zai kai kwana shida ya ƙare kafin azahar. Ba a ƙara ko mutum ɗaya a unguwar ba, cin abincin kowa bai ƙaru ba. Shinkafar ta tashi ne daga shago ta koma ƙarƙashin gadon mutum ashirin na farko da suka iso da kuɗi a hannu.

Daga nan abin yake ciyar da kansa. Wanda ya zo ya ga kanta wayam zai ruga shago na gaba, kuma a can zai sayi fiye da abin da ya yi niyya, don ya ga ƙarancin da idonsa. Wani ya ɗauki hoto ya watsa a WhatsApp. Wanda da ma bai da niyyar fita sai ya ce zama bai gan shi ba. Kowa a cikinsu yana da hujja: idan na tsaya wasu za su kwashe. Amma da aka haɗa hujjar kowa wuri ɗaya, sai ta haifar da ƙamfar da ake gudu.

Abin ba na Najeriya kaɗai ba ne. A ƙarshen 1973, wani mai barkwanci a talabijin a Amurka, Johnny Carson, ya ambaci cewa takardar bayan gida za ta yi ƙaranci. Mutane suka yi dafifi a kantuna suka kwashe ta, ƙarancin da ya faɗa cikin wasa ya tabbata. A 2020 da korona ta shigo, an sake ganin irin haka a Ingila da Amurka da Ostireliya, har manyan kantuna suka ƙayyade yawan abin da mutum ɗaya zai saya.

Abin da Jos ta gani a 2020 da 2021

A watan Afrilun 2020, gwamnatin Simon Lalong ta kulle jihar Filato na kusan mako guda saboda korona, aka ce za a yi feshin magani. Bayan nan aka koma wani tsari: a kulle na wasu kwanaki a mako, a buɗe na wasu kwanaki don mutane su sayi abinci. Manufar ita ce rage cuɗanya. Sai dai idan ka matse sayayyar mako guda cikin kwana biyu ko uku, dole kasuwa ta cika, dole mai kaya ya ga layi a gabansa, kuma mai kaya idan ya ga layi ya san abin da zai yi da farashi.

A ƙarshen Oktoban shekarar, lokacin zanga-zangar EndSARS, duniya ta ga hotunan dubban mutane sun haye rufin wani rumbun gwamnati a Bukuru suna kwasar buhunan abinci. Irin haka ya faru a Legas da wasu jihohi da dama. Wannan wawaso ne, ba saye ba, amma tushensu ɗaya: mutum ya gamsu cewa abinci yana nan, kuma idan bai kai hannu yanzu ba, ba zai samu ba.

Sai Agustan 2021. Ranar Asabar 14 ga wata aka tare matafiya a Hanyar Rukuba, waɗanda suka fito daga taron zikiri a Bauchi suna komawa Ikare a jihar Ondo, aka kashe fiye da mutum 20. Irinmu ne, mazauna Kudu. Allah ya jiƙansu. Washegari gwamnati ta sa dokar hana fita ta awa 24 a Jos ta Arewa, wadda ta haɗa da Anguwan Rukuba, kuma dokar ta fara aiki a ranar da aka sanar da ita. An sassauta bayan 'yan kwanaki, sai aka kai hari Yelwan Zangam a daren 24 ga wata, aka kashe mutane da dama, aka sake mayar da dokar ranar 25. Ɗaliban jami'a suka maƙale a ɗakunan haya ba abinci, har gwamnatocin jihohi, ciki har da Legas, suka tura motoci aka kwashe nasu.

Wanda ya rayu cikin wannan, ba za ka zarge shi ba idan ya ji motsi ya ruga shago. Ya taɓa ganin an rufe gari cikin 'yan awoyi, an buɗe, an sake rufewa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Abin da ya kamata a gane shi ne, tsoron yana da dalili, amma rububin ba ya maganinsa.

Ƙaranci iri huɗu ne

Yana da kyau mutum ya san wane irin ƙaranci yake fuskanta, don kowanne da yadda ake tunkararsa.

Na farko shi ne idan kayan ba sa isowa gaba ɗaya. Mazauna Kudu ba su manta ƙarshen Fabrairun 2021 ba. Bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, haɗaɗɗiyar ƙungiyar dillalan kayan abinci da shanu ta Najeriya ta dakatar da kai kaya Kudu. Cikin kwanaki kaɗan tumatir da albasa da nama suka yi tashin gwauron zabi a Mile 12 da sauran kasuwanni, yayin da a Arewa tumatir yake ruɓewa a hannun manoma babu mai saye. An janye yajin aikin a farkon Maris bayan shiga tsakanin gwamnan Kogi na lokacin, Yahaya Bello. Wannan ƙaranci ne na gaskiya, kuma ya cuci ɓangarorin biyu.

Na biyu shi ne idan kaya suna gari amma hanya a rufe take, kamar lokacin dokar hana fita. Buhuna na nan a sito, motar burodi ce ba ta iya fitowa. Irin wannan yakan wuce da zarar an sassauta doka. Jos tana da nata tasirin a kanmu a nan, domin dankalin Turawa na Bokkos da Mangu, da kabeji da karas da koren wake, da yawansu daga Filato ake lodinsu zuwa Kudu. Idan aka rufe Farin Gada kwana uku, ɗan gwari a Legas ko Anacha zai ji a jikinsa.

Na uku shi ne wanda tsoro kaɗai ya haifar. A Agustan 2014, lokacin Ebola, wani saƙo ya zagaye ƙasar nan cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane suka tashi da asuba suna neman gishiri. Rahotanni daga jihar Filato sun ce mutum biyu sun rasu, an kwantar da wasu a asibiti saboda yawan gishirin da suka sha. A Maris 2020 kuma, bayan shugaban Amurka Donald Trump ya ambaci maganin kulorokwin game da korona, mutane suka afka shagunan magani a Legas, farashi ya tashi, hukumomin lafiya na jihar suka ce an kai wasu asibiti saboda sun sha ya wuce kima.

Na huɗu shi ne na ɓoye kaya. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Kafin gari ya waye layuka sun cika gidajen mai, wasu gidajen sun rufe ƙofa alhali akwai mai a tankunansu. Bayan kwana biyu da aka sanar da sabon farashi, daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 a lita, sai mai ya bayyana. A Fabrairun 2024 ma hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta Kano, ƙarƙashin Muhuyi Magaji Rimingado, ta rufe wasu rumbuna a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye abinci, 'yan kasuwar kuma suka musanta.

Sau da yawa biyu ko uku cikin waɗannan suna haɗuwa. Hanya ta rufe na kwana biyu, tsoro ya mayar da ƙarancin kwana biyu ya zama na mako guda, mai ɓoyewa kuma ya samu inuwar fakewa.

Wa yake shan wahala?

Rububin saye sai mai kuɗi a hannu. Ma'aikacin da ya karɓi albashi zai iya sayen buhu. Amma ɗan dako, da mai Keke, da ɗan acaɓa, da mai wankin takalmi, da bazawara mai sayar da ƙosai, sai sun fita sun samo sannan a ɗora tukunya. Su ne suke zuwa shago da yamma da kuɗin mudu ɗaya, su tarar babu, ko su tarar an ƙara kuɗi. Dokar hana fita ta hana su nema, rububin masu hali kuma ya kwashe ɗan abin da za su saya.

Akwai kuma bashi. Gidaje da yawa a irin waɗannan unguwanni suna rayuwa ne da littafin mai shago: a karɓa yau, a biya ƙarshen mako. Ranar rububi, mai shago yana ganin tsabar kuɗi a gabansa, sai ya rufe littafin. Wanda ya shekara biyar yana ciniki da shi ya koma gida hannu rabbana.

Shi ma mai shagon ba lallai ya ci riba ba. Ya sayar da komai a tsohon farashi, ya koma wurin ɗan sari ya tarar an ƙara, jarinsa ya ragu. Ko kuma ya ga ciniki ya buɗe ya saro ninki uku, rububi ya lafa, mutane suna cin abin da suka tara, kayansa suka zauna makonni. Wanda ya saro burodi ko tumatir, asara ce kai tsaye. Masu saye ma suna tafka tasu asarar: wake ya yi ƙwari, gari ya yi tsami, nama ya lalace a firij don babu wuta.

Abin da mai gida zai yi

Tanadi daban, rububi daban. Iyayenmu da rumbu suka rayu, kuma ba a ranar yunwa suke cika shi ba. Lokacin da gari yake lafiya, duk sayayyar da za ka yi ka ƙara mudu ɗaya ko ƙulli ɗaya, har ka tara abin da zai riƙe gidanka mako ɗaya zuwa biyu. Ka zaɓi abin da ba ya lalacewa: shinkafa, garin rogo, masara, taliya, man gyaɗa, gishiri, kuka, busasshiyar kuɓewa, kauɗar tumatir, daddawa, ashana, gawayi, sabulu. A riƙa cin tsohon ana mayar da sabo. Mai irin wannan tanadin ba shi da dalilin shiga turereniya, kuma rashin zuwansa ya bar wa wani mudu.

Idan akwai mai hawan jini ko ciwon suga ko asma a gida, kada a bari maganinsa ya kai ƙarshe kafin a sayo. A ajiye ruwa. A ajiye 'yan kuɗi a hannu, domin mun ga yadda ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya hana mai kuɗi a banki sayen ko da burodi. Fetur kuwa kada a tara shi a jarka cikin ɗaki, musamman a gidajen haya da ake girki a baranda. Gobara ta fi layin gidan mai muni.

Ga masu aika kuɗi gida, dabarar ita ce a tura tun kafin a shiga matsi. Idan kana da amintaccen mai shago a unguwar iyalinka, ku yi yarjejeniya: su karɓi kaya, kai ka biya shi ta waya. Ranar da masu POS suka rufe, wannan ce za ta cece su.

Sannan labari. Saƙon murya da ba a san mai shi ba, wanda ke cewa "ku sayi abinci, gobe za a rufe gari", ba sanarwa ba ce. Dokar hana fita gwamnati ce take sanar da ita, kuma za a ji a rediyo. Ka kira mutum biyu da ke wurin ka tabbatar kafin ka tura wa kowa. Ka tuna cewa kai da kake Legas, saƙon da ka tura zai iya tayar da layi a shagon da ke Jos.

Abin da mai shago da shugabanni za su yi

Da yawa cikin masu karanta wannan shafi 'yan tireda ne, ko 'yan gwari, ko masu hatsi. Ranar da mutane suka yi maka ca, kana da iko a hannunka. Ka ƙayyade: mudu biyu ga kowane gida, burodi ɗaya ko biyu. Ka ware kason abokan cinikinka na kullum masu sayen kaɗan. Idan sari bai tashi ba, kada ka ƙara kuɗi don ka ga ido ya raina fata. Malamai suna kiran ɓoye abinci don ya yi tsada ihtikari, kuma sun yi hani da shi ƙwarai.

Ga mu mazauna Kurmi akwai ƙarin dalili. A garuruwa da dama Bahaushe ne fuskar abinci: shi ke da albasa, shi ke da tumatir, shi ke da nama, shi ke da tiredar bakin titi. Idan kaya suka yi tsada rana ɗaya, maƙwabci ba ya ganin dillali ko kuɗin mota ko shingayen hanya, kai yake gani. Ƙarin naira ɗari a ranar tsoro zai iya zama maganar da za a riƙa tunawa da ita shekaru. Haka kuma wanda ya sayar a farashin jiya, ya ba tsohuwar layi bashi, ba a mantawa da shi.

Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa za su iya zama tun yanzu su tsara yadda za a yi idan abu ya taso: wa zai yi magana da hukuma don a bar motocin abinci su wuce, wa zai tabbatar da labari kafin ya bazu, wane gida ne na marayu ko tsofaffi da za a fara kai wa. Gwamnatoci ma suna da nasu. Idan an sa doka, a faɗi lokacin da za a sake duba ta, a bar masu burodi da ruwa da magani su yi aiki, don mutumin da ya san za a buɗe jibi ba zai sayi na wata guda ba.

Mutanen Anguwan Rukuba da na Anguwan Rogo za su iya saɓawa a abubuwa da yawa, amma ranar dokar hana fita duk kanta ɗaya suke tararwa, kuma yaran da ke kwana da yunwa a ɓangarorin biyu 'ya'yan masu nema kullum ne. In an ji motsi, ka sayi abin da zai ishe ka, ka bar wa na bayanka. Allah ya zaunar da Filato da ƙasa baki ɗaya lafiya, ya tsare mu a inda muke neman abinci.